Kebul Mai Jin Zafi a Masana'antar Shinkafa: Sharhi a Kan Aikin Kamfanin da Ya Ɗaura Mana Shi a Kano

Kamfanin da ya ɗaura kebul mai jin zafi, wato na gano gobara, a masana'antar sarrafa shinkafa da nake kula da sashen gyare-gyarenta a Kano ya ci kuɗinsa ta hanyar halal, kuma idan wani mai masana'anta ya nemi shawarata zan tura shi wurinsu, amma da sharuɗɗan da zan bayyana a nan gaba. Kebul ɗin kansa kaya ne da duk mai kuɗi zai iya yin odarsa daga waje. Abin da ya fi tsada a aikin, wanda kuma muka samu a hannun injiniyansu, shi ne sanin irin kebul ɗin da ya dace da kowane sashe na ginin, da hanyar da za a bi da shi, da yadda za a ɗaure shi ba tare da an ji masa rauni ba. A ɓangaren cika alkawarin lokaci, da takardun miƙa aiki, da kulawar bayan an gama, kamfanin yana da sauran gyara mai yawa. Na sakaya sunansu saboda ƙorafe-ƙorafen da ke cikin wannan rubutu tsakanina da su ne, kuma wasu daga ciki muna kan tattaunawa a kansu har yanzu.

Dalilin da ya sa muka nemi wannan aiki shi ne na'urorin gano hayaƙi da aka liƙa a sito da ɗakin injuna tun lokacin da aka gina wurin sun kasa zama lafiya da ƙura. Wanda ya taɓa shiga wurin da ake casar shanshera ya san cewa iskar cikinsa ba ta rabuwa da garin ɓuntu da dusa, idan kuma hunturu ya shigo daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu sai ƙurar waje ta haɗu da ta ciki. Na'urar gano hayaƙi ta gama-gari tana aiki ne da ɗan haske a cikinta, kuma duk abin da ya shiga ya watsa hasken, hayaƙi ne ko ƙura, ƙararrawa za ta buga. Tun ana fita da gudu har aka daina ɗaga kai, daga ƙarshe ma'aikata suka rufe wasu da leda domin su samu sauƙin ihunta. Jami'in kamfanin inshorarmu da ya zo duba wurin ya ga ledojin ya rubuta a rahotonsa, kuma yana da gaskiya, domin wurin da ake ƙona ɓuntu a tukunyar tururi, ake busar da shinkafa da iska mai zafi, bel-bel na roba kuma suke ta juyawa a kan boris dare da rana, bai kamata ya kwana ba tare da abin da zai yi shelar gobara ba.

Ga wanda bai san kayan ba, kebul ɗin siriri ne, kaurinsa bai wuce na igiyar cajin waya mai kyau da yawa ba. A cikinsa akwai wayoyin ƙarfe guda biyu da aka murɗe tare kamar tufkar igiya, kowace an lulluɓe ta da wata irin roba da aka tsara ta narke idan zafi ya kai wani mizani. Murɗewar tana sa wayoyin su riƙa matsar juna koyaushe, robar ce kaɗai ke raba su, saboda haka da zarar ta yi laushi sai su haɗe, akwatin kula da ke ɗakin maigadi kuma ya fassara haɗewar a matsayin gobara. Ma'anar wannan ita ce kowane taƙi na kebul ɗin na'urar gano zafi ce, tun daga farkonsa har ƙarshensa, ba ruwansa da ƙura, ba ya kuma buƙatar a kai masa wutar lantarki a tsawon hanyarsa. Aibinsa shi ne wurin da ya narke ba ya komawa, sai an yanke shi an dasa sabo. Akwai wani nau'i da ke auna sauyin zafi ya kuma koma daidai bayan ya huce, akwai kuma na zaren gilashi mai ɗaukar haske da ake shimfiɗawa na tsawon kilomitoci a hanyoyin mota da na jirgin ƙasa da ke bi ta cikin duwatsu. Ƙa'idojin Turai sun raba su gida biyu: EN 54-22 ta mai komawa daidai, EN 54-28 ta wanda ba ya komawa. Namu na biyun ne, kuma ga masana'anta irin tamu shi ne daidai da aljihu. Cikin sunayen da suka fito a takardun farashin da muka karɓa akwai Protectowire na jihar Massachusetts ta Amurka da Thermocable na Ingila, dukansu sanannu ne a wannan sana'a.

Inda wannan kamfani ya yi wa sauran masu neman kwangilar fintinƙau shi ne zagayen farko. Wani daga cikin masu neman aikin ya aiko da farashi ta WhatsApp bayan ya tambayi faɗi da tsawon ginin kawai, ya sanya kebul mai narkewa a digiri 68 na ma'aunin Salshiyas a ko'ina, farashinsa kuma ya fi na kowa sauƙi. Injiniyan kamfanin da muka ɗauka daga baya ya ƙi faɗin ko kwabo sai da ya hau sama da rana tsaka, ya auna zafin da ke taruwa a ƙarƙashin kwano, sannan ya bar wasu ƙananan na'urori masu rubuta zafi a maƙale a jikin ƙarafan rufi ya dawo ya karanta su daga baya. Bayanin da ya yi wa mai masana'antar bai yi tsawo ba. Ya ce, “Ranka ya daɗe, kebul mai digiri 68 masu ƙera shi da kansu sun ce kada ya zauna a inda zafin yau da kullum ya wuce digiri 45 ko 46. A Kano cikin Afrilu inuwa ma tana haura 40, to ina ga ƙarƙashin kwano.” Robar ba sai ta kai mizaninta take fara lalacewa ba, idan ta daɗe a zafin da ya wuce iyakarta tana yin laushi a hankali, wayoyin na ci gaba da matsa ta, wata rana da azahar sai ƙararrawa ta tashi babu wuta babu hayaƙi. Da mun bi farashi mai sauƙi da mun sake sayen matsalar da muke gudu, wannan karon da kuɗin waje. Araha dai ba ta ado.

Masu ƙera kebul ɗin suna fitar da shi hawa-hawa, waɗanda aka fi sani su ne digiri 68, 88, 105, 138 da 180. Littafin ƙa'idar ƙararrawar gobara na Amurka, NFPA 72, ya tanadi cewa mizanin na'urar ya ɗara zafi mafi tsanani da ake tsammani a rufi da aƙalla digiri 11, amma injiniyan ya fi riƙo da iyakar da ke rubuce a takardar kayan, wadda ta fi wannan tsauri. Da haka ya raba masana'antar gida uku. Ƙarƙashin kwanon sito da gefen bel-bel ya sa mai digiri 88. Kewayen injin busarwa da rumfar tukunyar tururi, inda ko da asuba mutum gumi yake yi, ya sa mai 105. Mai 68 bai shiga ko'ina ba sai cikin silin ofis da ɗakin kula da injuna, inda akwai na'urar sanyaya ɗaki da rufin kankare. Ya kuma bambanta rigar waje ta kebul ɗin: ta roba ta gama-gari a cikin sito, ta nailan a inda rana ke duka kai tsaye ko inda mai da giris ke ɗiga, sannan mai saƙar baƙin ƙarfe mara tsatsa a gefen bel da cikin ramin wayoyi, saboda gogayya da kuma ɓeraye, waɗanda a gidan hatsi ba a rasa su.

Na yaba masa a kan wani abu da ɗan kwangila ba kasafai yake faɗa ba, wato iyakar abin da kayansa za su iya. Ya gaya mana cewa duk yadda aka ɗaga mizanin narkewa domin guje wa ƙararrawar ƙarya, haka ake jinkirta ta gaskiya, domin sai wuta ta girma kafin iskar da ke sama ta kai digiri 88. Ya kuma ce tarin ɓuntu yana iya cin wuta ta ciki yana turnuƙewa na tsawon sa'o'i ba tare da zafin ya kai rufi ba, kuma kebul ɗin da ke can sama ba zai san ana yi ba. Saboda haka ya hana mu cire na'urorin gano hayaƙi daga ofis da ɗakin kwanan masu gadi, yana mai cewa inda mutum ke barci hayaƙi ne ke kashe shi tun kafin zafi ya taru, kebul mai jin zafi kuwa dukiya aka yi shi ya tsare. Ya ba da shawarar a ci gaba da zagayen dare a rumbun ɓuntu kamar yadda aka saba. Wannan magana ta rage masa tsawon kebul ɗin da zai sayar mana, amma ya faɗe ta.

Aikin ɗaurawa a sito shi ya fi cin lokaci. Rufin namu yana da tudu a tsakiya, kuma iska mai zafi can take fara taruwa, don haka layin farko ya bi kusa da ƙololuwa, sauran layukan suka sauko ta gefe biyu. Ƙa'idar NFPA 72 ta ce kada kebul irin wannan ya yi nisa da rufi fiye da santimita 50, ta kuma ce idan tsayin rufi ya wuce mita 3 a riƙa rage tazarar da ke tsakanin layuka gwargwadon ƙaruwar tsayin, saboda zafin wuta yana sirkuwa da iska mai sanyi kafin ya isa sama. Sitonmu ya ninka wannan tsayi, shi ya sa layukan suka fi yawan da muka zata, kuɗin ma ya ƙaru. Ba su bari kebul ɗin ya taɓa kwano ko ƙarfen rufi ba, domin ƙarfe da rana yana gasa shi, lokacin gobara kuma yana shanye zafin da ya kamata ya isa gare shi. Sun yi amfani da maƙalai masu ɗan tsawo da ke riƙe shi a sarari, kowane da 'yar rigar roba mai laushi a bakinsa, tazarar mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, da ƙari a kowace kwana. A inda babu abin kamawa tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi, sun ja wayar ƙarfe suka ɗame ta da abin murɗawa a ƙarshenta, sannan suka rataye kebul ɗin a jikinta, ta yadda nauyi da jan duka suna kan wayar ƙarfen. Na lura kuma ba sa jan kebul ɗin a ƙasa ko su bari a taka shi. Nadin yana kan sanda, mutum ɗaya yana warwarewa, wani yana karɓa a saman dandamali.

A kan farantan ƙarfe da ke ɗauke da manyan wayoyin wuta daga taransifoma da janareta zuwa injuna, salon ya canza. Maimakon miƙa shi a tsaye, sun shimfiɗa kebul ɗin a saman wayoyin yana karkata daga wannan gefe zuwa wancan yana dawowa, ta yadda kowace waya a cikin farantin za ta samu inda ya gitta ta. Hikimar ita ce wayar da aka ɗora wa kaya fiye da ƙarfinta tana fara zafi ne ita kaɗai, tun kafin a ga harshen wuta, kuma idan kebul ɗin yana can gefe ɗaya ba zai ji ba. Mai biyan kuɗi ya kamata ya san wannan tun farko, domin tsawon kebul ɗin da za a rubuta masa zai wuce tsawon farantin, kuma ba cuta ba ce. Abin da ban ji daɗinsa ba a nan shi ne ba su faɗa mana sai a ƙarshe cewa duk ranar da za a ƙara sabuwar waya a farantin dole a ɗaga kebul ɗin a sa ta ƙarƙashinsa, alhali masu aikin wutarmu sun saba jefa waya a sama su wuce.

Gefen bel-bel shi ne inda nake ganin kuɗinmu ya fi yin amfani. Gobarar bel yawanci daga boris take farawa: giris ya bushe, ƙura ta shiga, abin juyawar ya ƙage, bel ya ci gaba da gogarsa har ƙarfen ya yi ja, garin ɓuntun da ya taru a ƙasa kuma ya kama. Injiniyan ya bi da kebul ɗin ta gefe biyu na kowane bel, kusa da gidajen boris gwargwadon yadda ba zai taɓa abin da ke motsi ba, kuma kafin ya tsai da hanyar sai da ya kira makanikanmu ya tambaye su ta ina suke zura hannu idan za su canza boris, da inda masu shara ke kai tsintsiya da shebur. A wurare biyu ya sauya hanya saboda amsar da suka ba shi. Takardar farashinsu ta farko ba ta ƙunshi haɗa akwatin kula da makunnin bel ba, wato a ce ƙararrawa na tashi bel ya tsaya da kansa, kuma sai da na tayar da maganar sannan aka ƙara. A ganina wannan bai kamata ya zama ƙari ba, domin bel mai ci da wuta idan yana tafiya shi da kansa zai kai ta cikin rumbu.

Hannun yaran aikinsu bai kai kan injiniyansu ba, kuma duk ranar da ya tafi wani wurin aiki ana ganin bambanci. Kebul ɗin yana da dokoki ƙanana da mai aikin wayar gida bai saba da su ba. Ba a buga masa ƙusa mai lanƙwasa, ba a kama shi da filaya, ba a karya shi a kwana. Masu ƙera shi suna neman lanƙwasar ta zama mai faɗi, kimanin santimita 5 zuwa 6 da rabi daga tsakiyar da'ira aƙalla, gwargwadon samfurin. Ba a kuma ɗame maɗaurin roba a jikinsa har ya nutse, ana barinsa ne yadda kebul zai iya ɗan zamewa idan zafi ya miƙar da shi ko sanyi ya tsuke shi. Yaran sun saba jan maɗauri har sai ya yi ƙara, kuma a wani layi na bayan injin busarwa haka suka yi daga farko har ƙarshe. Da injiniyan ya dawo ya bi layin da yatsa, ya sa aka yanke maɗauran duka, ya kuma cire wani yanki da aka naɗe a kusurwar ƙarfe ya dasa sabo a kuɗin kamfaninsu. Na yaba da hakan, sai dai abin da ido ya gani ne aka gyara, kuma daga baya ta bayyana akwai wanda ya tsere masa.

Daga ƙarshen kowane layi zuwa ɗakin maigadi sun yi amfani da wayar tagulla mai jure wuta, suka haɗa ta da kebul mai jin zafi a cikin akwatunan da ƙura da ruwa ba sa shiga, wanda shi ne daidai, domin babu amfanin kashe kebul mai tsada a hanyar da ba a son tsarewa. A ɗaya ƙarshen akwai ɗan ƙaramin abu da masu aikin ke kira rezista, wanda ta hanyarsa akwatin kula ke tabbatar da cewa layin bai tsinke ba: idan waya ta yanke ya nuna matsala, idan ta haɗe ya nuna gobara. Akwai kuma na'urar da ke faɗin mita nawa ne daga farkon layi zuwa inda wayoyin suka haɗe, tana lissafin ne daga turjiyar da ƙarfen ke yi wa lantarki, wadda take ƙaruwa daidai da tsawo. Ita ma ba ta cikin farashin farko, kuma duk wanda zai ba da irin wannan aiki ina ba shi shawara kada ya sa hannu sai da ita, saboda layi mai ɗaruruwan mitoci a saman rufi idan ya haɗe babu mai gaya maka wurin, neman sa aikin kwanaki ne. Batiran akwatin an lissafa su ne su riƙe shi sa'o'i 24 babu wuta, kamar yadda ƙa'ida ta nema, kuma injiniyan ya dage a mayar da akwatin bangon da rana ba ta duka, domin batir mai dalma yana saurin mutuwa a zafi, a ƙasarmu kuma da ake yawan ɗauke wuta ya fi na ko'ina shan wahala.

Ranar gwaji ba a kai wuta kusa da kebul ɗin da ke sama ba, domin duk inda aka ƙona sai an yanke. A ƙarshen kowane layi sun sa makunnin gwaji mai mabuɗi, wanda idan aka murɗa yake haɗe wayoyin kamar yadda gobara za ta yi, jiniya ta tashi, bel ya tsaya, na'urar kuma ta nuna tsawon layin baki ɗaya. Sannan suka kwance waya ɗaya domin a ga alamar tsinkewa. Domin ma'aikata su gani da idonsu, injiniyan ya sa aka tafasa ruwa a butar shayin masu gadi, ya haɗa guntayen kebul da mitar gwaji ya tsoma su ɗaya bayan ɗaya. Mai digiri 88 bai daɗe a ciki ba mitar ta yi ƙara, mai 105 kuwa ya zauna a tafasasshen ruwan bai motsa ba, tunda ruwa a buɗaɗɗiyar buta ba ya wuce digiri 100. Wannan ɗan nuni ya yi wa ma'aikatanmu bayanin da ya fi dogon jawabi, kuma tun daga ranar babu wanda ya sake rataye riga ko fitila a jikin kebul ɗin.

Ƙararrawar ƙarya ta farko ta zo ne cikin bazara, da tsakar rana. Na'urar ta nuna nisan, muka bi zanen da na yi da hannuna muka iske wurin a bayan wani ginshiƙi, maɗauri ɗaya ya nutse cikin rigar kebul ɗin, zafin rana ya ƙarasa abin da matsi ya fara. Nau'in da muka saya ba ya bambanta haɗewar da wuta ta jawo da wadda matsi ya jawo. Akwai samfura masu tsada da ke tabbatar da zafin wurin kafin su yi shela, amma ba su muka saya ba, kuma an gaya mana haka tun farko. Abin da ya ɓata mini rai shi ne kamfanin bai bar mana ko mita ɗaya ta kebul na ajiya ba, balle kayan dasawa, kuma da muka kira sai aka ce injiniyan yana wata jiha. Layin ya zauna a kashe har ya dawo, wato sashen sito guda yana kwana babu tsaro a watan da ya fi kowane haɗari. Da ya zo ya yanke wurin da ɗan ƙari ta kowane gefe, ya dasa sabo a cikin akwatin haɗi, bai karɓi kuɗi ba, ya kuma ba da haƙuri. Amma kamfanin da gwaninsa mutum ɗaya ne tak yana da rauni, ko da mutumin ya kai ya kawo.

Sauran ƙorafe-ƙorafena na gamawa ne. Ramukan da suka huda a bangon da ke raba ɗakin janareta da ɗakin injuna sun bar su a buɗe, wasu kuma suka cusa musu soso, alhali bangon an gina shi ne domin ya tare wuta. Masu wannan sana'a sun san labarin tashar nukiliya ta Browns Ferry a jihar Alabama ta Amurka, inda a shekarar 1975 kyandir da ake duba yoyon iska da shi ya kunna soson da aka toshe mashigar wayoyi da shi, wutar ta bi ta ramin ta cinye wayoyin da ke sarrafa tashar. Sai da na rubuta musu takarda sannan suka dawo da abin toshewa mai jure wuta. Zanen ƙarshe da ke nuna hanyar kowane layi da alamar mitoci, wanda idan babu shi lambar da na'urar ke nunawa ba ta da amfani, ya zo a makare ƙwarai. Rubutun da ke jikin akwatin kula duk da Turanci ne da lambobin sassa, masu gadinmu na dare kuwa Hausa suke karantawa, wani ma da ajami, don haka mu muka zauna muka rubuta “sito na gabas”, “bel na ɓuntu”, “bayan tukunya” muka liƙa, tare da lambar 'yan kwana-kwana. Kayan ma sun iso bayan lokacin da aka yi alkawari, ko da yake a nan ina yi musu uzuri, domin daga waje ake shigo da su, kuma bayan da aka saki canjin naira a watan Yunin 2023, a wancan lokacin farashin da aka bayar ba ya kai wata guda.

Wasu abokai 'yan kasuwa sun tambaye ni ko wannan kebul zai yi amfani a kasuwanni, musamman idan aka tuna gobarar da ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016 da waɗanda aka sha yi a Kantin Kwari. Amsata ita ce a manyan ɗakunan ajiya na atamfa da kayan masarufi, da hanyoyin da wayoyin wuta ke bi, zai yi aiki sosai, matuƙar akwai hukuma ɗaya da ke da alhakinsa da mutumin da ke zaune kusa da akwatin dare da rana. A layin shaguna da kowa ke buga ƙusa, yana jan waya, yana fenti yadda ya ga dama, ba zai yi wata shida ba. Fenti kaɗai ya isa ya jinkirta jin zafinsa, shi ya sa masu ƙera shi suka hana a shafa masa, walda a kusa da shi kuma tartsatsi ɗaya ya isa ya narkar da shi.

A yarjejeniyar kulawa da muke tattaunawa yanzu na sa sharuɗɗa huɗu, kuma su nake ba duk mai shirin ɗaukar wannan kamfani ko wani irinsa shawarar ya rubuta tun kafin ya biya kafin alƙalami: a bar masa ragowar kebul na kowane mizani tare da kayan dasawa a sitonsa, a koya wa mai aikin wutarsa guda yadda ake yankewa da dasawa, a ƙayyade sa'o'in da kamfanin zai iso idan an kira shi, sannan a riƙe wani kaso na kuɗin har sai zanen ƙarshe ya shigo hannu kuma kebul ɗin ya ƙetare bazara ɗaya. Kamfanin ya amince da uku. Batun ƙayyade lokacin zuwa ne suke ja da baya a kansa, suna cewa sai sun ɗauki injiniya na biyu, wanda suka ce yana kan horo.